Bahagon Gangara da Akuyar Adda Habi

Duk wanda ya ci kasuwar Gangara kafin babban farin nan ya san Jibrilla Bahago. In bai san shi a rumfar fawa ba, to ya san shi a fagen dambe. Barunje ne ɗan barunje, gajere mai faɗin ƙirji, wuyansa kusan kauri ɗaya da kansa. Tun yana ƙarami yake danne ƙafar sa ubansa na yanka, kuma gemu bai fito masa ba aka fara naɗa masa zare a hannun hagu. Da kaka, in an gama ɗaure gero, shi da sauran rundawa masu fawa sukan bi garuruwa da makaɗan kalangu, daga Sabon Birni har Isa, suna neman wanda zai tare su. A Kamarawa ya taɓa naushin wani saurayi a gindin kunne, yaron ya faɗi yana shure-shure kamar kazar da aka yanka. Ya tashi daga baya, amma bakinsa ya karkace, kunnen kuma bai ƙara jin magana ba. Jibrilla bai je dubiya ba. Cewa ya yi wanda ya shigo fage ya san abin da ya zo nema.

A gida ma zuciyar na nan. Matarsa Kande, 'yar Kamarawa ce, doguwa marar yawan magana. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma ya fasa tukwane, ya karya ƙyaure, ya taɓa tsaga turmi da gatari saboda an bar masa tuwo ya huce. In ta ga jijiyar goshinsa ta tashi, sai ta ɗauki tulu ta tafi rijiya, ko da randa cike take. Rumfar fawa kuwa tare suke riƙe da ita da Amiru, ɗan ƙanen ubansa, wanda suka tashi ɗaki ɗaya, suka ci duka wurin uba ɗaya.

Shekarar da aka canza kuɗi, ruwa ya yi wa mutane wasa. Ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Kafin tsakiyar rani rumbuna sun koma wurin kwanan ɓeraye, su ma ɓerayen an cinye su. Mata suka shiga daji tsinkar anza, suna jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita, wasu suna tona gidan tururuwa suna kwashe 'yar ƙwayar da ta tara. Sai ga makiyaya sun gangaro daga arewa, daga hayin iyaka, da garken shanun da ba su da komai sai ƙaho da haƙarƙari.

Rundawa ba su taɓa ganin aiki irin na shekarar ba. Saniya za ta durƙusa a bakin gari ta kasa tashi, mai ita ya rugo yana neman wanda zai sa mata wuƙa tun ba ta zama mushe ba. Aka daina kai dabba mahauta, duk inda ta faɗi nan ake yanka ta. Filin da ke gabas da gari ya zama jini da tumbi da ƙuda. Jibrilla yakan fita da asuba ya dawo rana ta karkata, jini ya bushe masa har kafaɗa. Naman ba mai ko kaɗan, shuɗi-shuɗi, a yanyana shi a shanya bisa ƙaya, fatar kuma a ja ta a kafe da turaku. Ungulaye suka ƙoshi har suka daina tashi in an kore su. Akwai ranar da ya yanka wata saniya mai ciki, da ya farke ta ya tarar da ɗan maraƙin na motsi. Ya sa masa wuƙa shi ma, ya jefa wa karnuka, ya wuce ta gaba.

Ruwa kuwa wuri ɗaya ya rage, wata rijiya da aka haƙa a cikin busasshen gulbi. Mutanen gari da baƙi da dabbobinsu duk nan suke taruwa, har kewayen rijiyar ya zama caɓi, laka da fitsari da kashin shanu, mutum ya nutse har idon sawu. Kullum sai an yi zage-zage. Ranar da abin ya ɓaci, shanun wasu Fulani ne suka ji ƙanshin ruwa suka ɓalle, suka bi ta kan matan gari, suka tattake tuluna, suka tura wata tsohuwa cikin laka. Wani ya ɗaga kalmen noma ya sari saniya a gadon baya. Mai saniyar ya sauke masa sanda a ka. Kafin a ce wani abu wuri ya rikice.

Jibrilla da Amiru suna fiɗa a kusa, suka ji kururuwa suka sheƙo. Jibrilla ya fizgi wata taɓarya a hannun wata mata ya faɗa tsakiya. Bai tambayi wa ya fara ba. Ya doki wani a haƙarƙari, ya doki wani a gwiwa. Ya waiga ya ga Amiru durƙushe, ya rufe fuska da hannu biyu, jini da wani farin ruwa na bin yatsunsa, kan sanda ya fasa masa ido. Kusa da shi ga wani dogon Bafillace ya ɗaga sanda sama. Ko shi ya yi dukan, ko ba shi ba ne, Jibrilla bai tsaya sani ba. Ya sauke masa taɓarya a damtsen dama da iyakar ƙarfinsa. Ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara, tsininsa ya huda fata ya fito. Sunan Bafillacen Yero.

Sai da mai gari da ardon Fulanin suka shiga tsakani da rantsuwa da roƙo kafin aka raba. Ba a rasa rai ba, amma an kwashi mutane a kan ƙyaure. Bayan 'yan kwanaki baƙin suka kaɗa abin da ya rage musu suka yi kudu. Bukka ɗaya aka bari a gindin wani gawo a hayin gulbi, ta su Yero, don ba ya iya tafiya.

An yi kwanaki da wannan, wata safiya Jibrilla na wasa wuƙa a rumfa, shi kaɗai, don Amiru na kwance a gida, sai ga wata tsohuwar Bafillata ta tsaya a gabansa. Ƙashi da fata ce, zanenta ya koɗe, amma tsaye take kyam.

Ta ce, “Kai aka ce ma Bahago?”

Ya ce, “Ni na.”

“Ni ta Habi, uwar yaron da kak karye ma hannu.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “To mi kika so? In ƙara kika nema, ga gidan mai gari can.”

“Ba ƙara tak kawo ni ba. Akuya gare mu, ita ɗai tar rage. Ƙahwarta ta ruɓe.”

“Jawo ta in yanka tun ba ta zama mushe ba.”

Tsohuwar ta ce, “Da yanka nika so da ban biyo rana ba. Jikata nononta taka sha, uwar ƙirjinta ya ƙahe. Yero shi ka yi ma bisashenmu magani, ya san abin da za a yi. Amma hannun da za shi riƙa wuƙa da shi, kai kak karye. To kai za ka ara mai hannu.”

Jibrilla ya yi tsaki ya ce ta ɓace masa da gani. Ba ta tafi ba. Ta zauna a rana, daidai bakin rumfar, ta miƙe ƙafafu. Ya zage ta, ya zagi iyayenta. Ya watsa ruwan wankin tumbi kusa da ita har ya fantsal mata a zane. Ko motsi ba ta yi ba. Rana ta take, mutane suka fara tsayawa suna kallo, wasu na dariya, ana cewa yau Bahago ya gamu da wadda ba ta faɗuwa. Zuciya ta ciwo shi. Ya zari barhonsa da ƙaramar wuƙar fiɗa ya soke a ɗamara, ya ce ta wuce su tafi. A ransa ya gama shawara: yana isa zai danne akuyar ya yanka, ya watsa musu naman, kowa ya huta.

Tun kafin su kai gindin gawon wari ya tare shi, shi da ya kwana ya tashi cikin wari. Akuyar na kwance gefen bukka, farar buzuwa mai dogayen ƙafafu, hantsarta ta yamutse amma da sauran nono. Ƙafar gaba ta dama ta kumbura daga kofato har gwiwa, ta yi sulɓi kamar gora, ƙuda sun rufe ta baƙi ƙirin. Yero na jingine da gawon, an ɗaure masa hannu da karare da tsumma, leɓɓansa sun tsage. Hannunsa na hagu na kan wani tsohon takobi. A bakin bukka matarsa Saudatu na zaune da jinjira a cinya. Yarinyar na buɗe baki tana kuka, amma sauti ba ya fita.

Jibrilla ya zaro barho. Yero ya miƙe zaune, ya ce, “Barunje, in ka kai wuƙar ga wuyanta, wallahi ko da haƙora sai na kashe ka.”

“Da wane ƙarhi?”

“Gwada ka gani.” Ya tofar da yawu. “Inna, ai na hwaɗa miki kar ki tahi. Su wanga iri ba su iya komi ba sai kisa. Sun san gaɓar dabba in ta mutu. Mai rai ta hi ƙarhinsu.”

Jibrilla ya tsaya da wuƙa a hannu, jijiyar goshinsa ta tashi. Ya dubi Yero, ya dubi jinjirar. Tunda yake ba wanda ya taɓa ce masa ga abin da wuƙarsa ba ta iyawa. Ya mayar da barhon ɗamara, ya durƙusa ya kama ƙafar akuyar ya juya ta. Akuyar ta yi wata ƙara kamar ta mutum.

Ya ce, “Hwaɗi. Ina za ni hwara?”

Yero ya sa Adda Habi ta hura wuta, ta ɗora ruwa da gishiri da dakakkiyar bagaruwa, ta kuma cusa wani guntun ƙarfen kalme cikin garwashi. Aka kayar da akuyar a gefe. Tsohuwar ta haye wuyanta ta riƙe ƙahonni, Saudatu ta kwantar da jinjira ta zo ta danne ƙugun. Jibrilla ya ɗaure sauran ƙafafun uku wuri ɗaya, irin ɗaurin da yake wa dabbar yanka, ya sa gwiwa ya take kafaɗarta. Yero ya ce a ɗaure igiya tamau a saman gwiwa saboda jini.

Da aka zuba ruwan ɗumi aka wanke lakar da ta daskare, sai abin ya bayyana. Tsagar da ke tsakanin kofatan biyu ta zama rami, tsutsotsi farare na nuƙu-nuƙu a ciki. Jibrilla ya sa tsinke yana tono su, suna faɗowa ƙasa suna murɗawa. Sannan ya sa ƙaramar wuƙa ya fara fere kofaton. Na waje da sauran ƙwari, amma na ciki ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, wuƙa na shiga ba tare da an danna ba. Ya zurfafa kaɗan, sai mugunya ta yi tsartuwa ta same shi a fuska da gemu, ruwan ɗorawa gauraye da baƙin jini. Saudatu ta kau da kai ta yi kakarin amai, ba abin da ya fito don ba komai a cikinta. Akuyar ta banƙare, ta fizge kai, ƙahonta ya tsaga wa Adda Habi haɓa. Tsohuwar ba ta saki ba, jini na ɗiga a kan farin wuyan akuyar.

Yero ya daka masa tsawa, “Sannu! Ba hiɗa kaka yi ba. In ka ga ja ka tsaya, baƙin ɗai za ka ɗebe.”

“Rufe min baki.”

“Matsa daga sama, ka biyo da shi ƙasa. Matsa!”

Jibrilla ya kama ƙwaurin da hannun dambensa ya tatso shi ƙasa. Mugunya ta riƙa fita guda-guda, daga ƙarshe wani abu baƙi ya leƙo. Ya kama da farce ya zaro: ƙayar aduwa ce, tsawon ɗan yatsa, ta shiga ta tsagar ta karye a ciki, lakar bakin rijiya ta bi ta. Ya ɗauka an gama. Yero ya ja jiki ya matso, yana cije leɓe saboda hannunsa, ya ce a taɓa kofaton ciki da bakin wuƙa. Jibrilla ya taɓa. Kofaton ya yi lilo, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi toka-toka, yana marmashewa.

Yero ya ce, “Ya ci ƙashi. Sai an cire wanga ɓangare duka, daga gaɓa. In an bar shi, za shi hau ya kashe ta. In ka kuskure ka taɓa ɗan'uwan, ba ta ƙara takawa.”

Wannan gaɓar Jibrilla ya san ta. Ya raba ta a ƙafafun awaki da ba su ƙirguwa, amma duk bayan an yanke su daga jiki, sun yi sanyi. Wannan kuwa da zafi, tana rawa a tafinsa, jijiya na bugawa. Ya ciji leɓe, ya lalubi gaɓar da babban yatsa, ya yi bisimilla don bakinsa ya saba, ya zagaye fatar da wuƙa. Ya cusa tsinin tsakanin ƙasusuwan ya murɗa. Aka ji ƙas. Akuyar ta zazzaro harshe, idanunta suka juye, ta saki fitsari da kashi a jikin Saudatu. Jijiya ɗaya ta riƙe, ya ja ya datse ta. Kofaton ya faɗo a hannunsa, ya yi jifa da shi, wani kare da ke raɓe ya cafe ya ruga.

Jini ya yi tsiri duk da igiyar. Yero na ihu, “Ƙarhen! Ƙarhen!” Jibrilla ya naɗe hannu da tsumma ya zaro ƙarfen daga wuta, ya yi ja wur, ya danna a kan ciwon. Ya yi cuuu, hayaƙi da ƙaurin nama da gashi suka tashi. Akuyar ta yi ƙara ɗaya ta saki jiki. Adda Habi ta ce ta mutu. Jibrilla ya kai hannu haƙarƙarinta, ya ji zuciya na bugawa da sauri kamar ta tsuntsu. Ya sake danna ƙarfen inda jini ke tsattsafowa har ya tsaya. Aka cusa garin bagaruwa da gishiri, aka naɗe da tsumma, ya yanki gefen walkinsa na fata ya yi mata kamar takalmi ya ɗaure. Ya miƙe ya kama hanyar gari. Ba wanda ya ce masa sannu, shi ma bai yi sallama ba.

Washegari ya koma. Ya gaya wa Kande cewa zai je ya ga ko ta mutu ne ya ɗauko fatar. Kande ta ƙulle 'yar dusa a tsumma ta miƙa masa. Ya tarar da akuyar kwance, jiki zafi, ta ƙi ko ruwa, nonon da aka tatsa bai rufe gindin ƙwarya ba. Yero ya ce a kwance a wanke a sake ɗaurewa, kuma haka za a yi ta yi. Jibrilla ya yi ta zagi, amma ya yi. Ya hau gawon da gatari ya sassaro rassa masu ganye, ya kakkaɓo 'ya'yan. Ya ɗura mata ruwan dusa da ƙarfi, yana matse mata muƙamuƙi. Kwana ya bi kwana yana zuwa. Wata safiya ya tarar da ita tsaye da ƙafa uku tana taunar 'ya'yan gawo, kumburin ya saɓe, warin ya ragu. Nono ya fara dawowa. Jinjirar ta samu muryar kuka, har ta dame shi ya ce a yi nesa da ita.

Shi da Yero ba su zama abokai ba. Magana tsakaninsu ba ta wuce ta ƙafar akuya. Amma gari ya ɗauka. Ana cewa Bahago ya koma bawan Fulani, ɗan'uwansa na kwance da ido ɗaya shi kuwa yana can yana jinyar akuyarsu. Maganar ta kai kunnen Amiru, wanda ya tashi daga jinya da rami a fuska da zuciya baƙa.

Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, Jibrilla na durƙushe yana sake ɗaurin, sai ga Amiru ya hayo daga gulbi da wasu samarin rundawa, da sanduna da wuƙaƙe, ɗaya na riƙe da bakin wuta.

Amiru ya ce, “Tashi daga nan, Bahago. Idona ba shi tahiya banza. Akuyar ga za mu ci, bukkar ga za mu ƙone, shi kuma in cire mai nashi idon.”

Jibrilla ya ce, “Koma gida, Amiru.”

“Ni kaka kora saboda su?”

“Na ce ka koma. Aikina na, ban gama ba.”

Wani saurayi ya kai hannu ga igiyar akuyar. Jibrilla ya taso daga durƙuson da naushi, ya same shi a baki, haƙora suka zubo, yaron ya faɗi da baya. Na biyu ya sauke masa sanda a gadon baya, ya juya ya kama shi ya haɗa fuskarsa da gawon. Mai wutar ya cilla ta kan bukka, busasshiyar ciyawa ta kama nan take. Saudatu ta suri jinjira, ta ja akuyar da igiya, akuyar na ɗingishi tana faɗuwa, suka gangara cikin gulbi. Wani ya yi kan Yero ya doke shi daidai kan ɗorin, kararen suka watse, Yero ya yi wata kururuwa da aka ji har cikin kasuwa. Adda Habi ta kwashi garwashi da ƙwarya ta watsa wa mai dukan a fuska, ya saki sanda ya yi ta birgima.

Amiru ya zo da barho. Jibrilla ya ga walƙiyarsa ya tare da hannun hagu. Wuƙar ta shiga ƙasan gwiwar hannu ta tsaya a ƙashi. Bai ji zafi ba tukuna, ya ji dai yatsunsa sun saki. Ya sa goshi ya daki Amiru a hanci, suka faɗi tare. Ya haye ƙirjinsa ya shaƙe shi da hannun dama, jininsa na zuba a fuskar Amiru, idon nan ɗaya ya firfito, ƙafafu na shure ƙasa. Da mutanen kasuwa ba su iso ba da ya ƙarasa shi. Sai da ƙarti suka taru suka ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Mai gari ya ce ya gaji, baƙin su bar masa ƙasa tun ba a yi kisa ba. Wanzami ya ɗinke wa Jibrilla hannu yana zaune a zaure, ana danne da shi. Bayan kwana kaɗan, da sassafe, su Yero suka bi ta bayan gari za su kudu. Ba su da kaya, wuta ta cinye. Yero na tafe a karkace, an sake masa ɗori, Saudatu da goyo, akuyar na biye tana dafa ƙafar a hankali tana ɗagewa. Jibrilla na zaune a ƙofar gida da hannu rataye a wuya, Kande na tsaye kusa da shi. Yero bai dube shi ba. Adda Habi ta tsaya, ta ce da Kande, “Ki riƙa sa mai bagaruwa.” Sannan ta ce, “Allah shi raba mu da garinku,” ta bi 'ya'yanta.

Hannun ya warke, amma yatsun sun ƙanƙance sun lanƙwashe, ba su ƙara riƙe wuƙa ba, balle zare. Da ruwa ya dawo aka samu amfani, ya ga ba zai iya zama kasuwa ɗaya da Amiru ba, ko gaisawa ba sa yi. Ya kwashi Kande suka koma Isa. A can ya kafa murhu bayan mahauta yana babbakar kai da ƙafa, yana take su da ƙafarsa yana kankarewa da hannun dama, Kande na dafawa tana sayar wa masu jiran motar Sakkwato. Zuciyar ba ta huce ba. Yaran mota sun san ba a taɓa masa itace, don ya taɓa bin wani da bakin wuta har cikin tasha. Wani mai sayen fata ya taɓa ce masa ya ga Yero wajen Gusau yana gadin wani gida, hannunsa a shanye. Jibrilla ya tambaye shi yarinyar fa. Mutumin ya ce bai ga yarinya ba, bai kuma tambaya ba.

Da fari ya sake dawowa bayan shekara goma da wani abu, Jibrilla ya yi furfura, ƙirjin ya zube. Wata ranar kasuwa aka kawo wani bijimi daga arewa, ƙishirwa ta haukata shi. Ya tsinke igiya a bakin mahauta ya yi cikin layin mata masu hatsi, yana watsa ƙore yana tattake mutane. Samarin rundawa suka dare. Jibrilla ya tashi daga murhunsa ya tare shi, ya cafki hancinsa da hannun dama ya rataya a wuyansa yana murɗawa. Bijimin ya ja shi a ƙasa, ya ɗaga shi ya soke shi a ciki, amma bai saki hancin ba har aka samu aka zarga wa dabbar igiya a ƙafa aka kayar. Aka ɗauke shi hanjinsa a cikin riga. Ya kai washegari da la'asar, yana ta zagin samarin da suka gudu, sannan ya cika.

Kande ta yi takaba a Isa, ta koma wurin danginta a Kamarawa. Ta daɗe a duniya bayansa, tana soya ƙuli-ƙuli, ba ta sake aure ba.